Saƙon da Yarinya Ta Sassauta

An yi wani mutum, kafinta, mai fara'a ga kowa a waje. A gida kuwa, in matarsa ta ɓata masa rai, ba ya zagi, ba ya duka. Gaba yake yi da ita, wani lokaci har wata guda.

Suna zaune ɗaki ɗaya, sai ya dubi 'yarsu mai shekara shida, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ya ce ta gaya wa uwarta miyar ba gishiri. Uwar ma ta ɗora mata amsa mai zafi ta mayar.

Ya 'yan uwa, wace ƙaramar zuciya ce za ta iya wannan dako?

Yarinya ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa. Malamarta ta aiko cewa ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Uban ya ce ƙuruciya ce. Bai san ta koyi wata dabara ba: ta lura in ta kai saƙo yadda aka ba ta, fuskar Baba tana ƙara ɗaurewa, sai ta riƙa sassauta shi a hanya.

Wata safiya, kwana goma sha tara da fara gaba, matar, da cikinta wata bakwai, ta durƙushe a ƙofar banɗaki jini na zuba. Ta ce yarinya ta ruga shago, Babanta ya zo yanzu-yanzu. Yarinyar ta same shi yana gugar katako, fuska a murtuke. Ta tsaya tana murza bakin rigarta.

"Baba, Umma ta ce in ka gama aiki, don Allah ka zo."

Ya ci gaba da aikinsa, har yana jin daɗi wai matar ta sauko. Sai azahar ya koma gida. Maƙwabta sun riga sun kai ta asibiti. Ba a samu uwar ba, ba a samu jaririn ba.

Yarinyar ta ce ita ta kashe Umma. Ya rungume ta yana kuka, yana rantsuwa laifinsa ne. Har yau ba ta yarda ba.

Jama'a, addini bai yarje mana gaba ta wuce kwana uku ba, balle da uwar 'ya'yanka. Faɗanku naku ne, kada ku aza wa yaro. Wanda ya baro matarsa ba sa magana, ya koma yau ya yi mata sallama da bakinsa.

Allah ya kiyaye mu da taurin zuciya, ya ji ƙan marayunmu. Amin.