Ranar da Kwamin Yaya Ya Bushe

Akwai wani mutum da ake ce wa Na-Sani. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye. Aibinsa guda ne: kafin ka rufe baki ya ce ya gane. Tun yana ƙarami haka yake, ba a tanƙwara shi ba har ya bushe a haka.

Yayansa yana da gonar kifi a bayan gari. A cikin kwamayen kiwon kifin akwai wani babba na siminti inda iyayen kifi suke, waɗanda ya yi shekaru yana zaɓa yana raino. Duk ƙananan kifin gonar daga cikinsu suke fitowa. Da ciwon ƙafa ya matsa wa Yaya, sai ya sa aka kawo masa irin ma'aikacin nan na cikin kwamfuta, mai ƙirƙirarriyar basira, don ya kula da ruwa. Suka sa masa suna Ɗan-aike.

Ɗan-aike ba shi da ido. Akwai ma'auni a cikin ruwa da ke gaya masa idan ruwan ya ɓaci. An haɗa shi da famfo da injin iska da magudanai, kowanne da ɗan bayani a rubuce na abin da yake yi. Iyakar saninsa ke nan. Wata mata mai aikin kwamfuta ce ta rubuta bayanan, aka ba Na-Sani aikin tantancewa, tunda a gonar ya tashi.

Matar ta ce masa, "Malam, ni ban taɓa kiwon kifi ba. Abin da aka gaya mini na rubuta. Ka karanta kamar baƙon da bai taɓa taka gonar nan ba. Sannan ka cika kwamin da babu kifi, ka bar Ɗan-aike ya yi aiki a kansa, ka ga abin da zai zaɓa."

Ya ce, "Malama, ni za a nuna wa ƙofar ɗakinmu? Kawo nan."

To, babban kwamin magudana biyu gare shi. Ƙaramar tana rage ruwa a hankali, famfo yana mayarwa. Babbar kuwa kwashe ruwan take yi tas, ba a buɗe ta sai an fitar da kifi za a wanke siminti. Abin da aka rubuta a kanta shi ne: tana fitar da gurɓataccen ruwa da sauri. Ba ƙarya a ciki. Amma ba a ce tana ƙarar da ruwan ba, ba a ce kada a taɓa ta da kifi a ciki ba. Na-Sani ya karanta a tsaye, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Shi ya san magudanar tun yana rarrafe, sai kansa ya cike abin da rubutun ya bari, bai ma lura da giɓin ba.

Yaya ya tambaye shi, "Ƙanena, ka gwada?"

"Na duba."

"Gwadawa na ce."

"Yaya, kai dai ka ji da ƙafarka. Rubutun ya yi kyau, har daɗin karantawa gare shi."

Yaya ya dube shi, ya kau da kai.

Aka shiga kwanakin zafi. Iska ta tsaya cak. Ruwan kwamin ya fara yin kore, kifin suna tasowa sama suna buɗe baki. Hankaki suka fara jeruwa a kan katanga, ba wanda ya kira su. Na-Sani ya gan su, ya jefe su da dutse, suka tashi suka dawo.

Ran nan da hantsi Na-Sani ya ɗauki Yaya a mota zuwa asibiti, suka kulle gonar. Layi ya yi tsawo. Rana ta take tsaka suna zaune a benci, sai wayar Na-Sani ta yi ƙara. Ya duba, ya yi murmushi, ya karanta wa Yaya saƙon Ɗan-aike: ruwa ya ɓaci ƙwarai, na fitar da shi da sauri, an gama.

"Ka gani? Muna nan zaune ana yi mana aiki."

Yaya ya ce, "Ta wace magudana?"

Na-Sani ya sake ɗaga wayar. Ya duba lokacin da saƙon ya fito, ya ga tun ɗazu ne, wayar ce ba ta kama ba a cikin ginin.

Ba su ga likita ba. Nan take suka kamo hanyar gona. Tun daga ƙofa ƙarni ya tarye su. Kwamin ya bushe, siminti yana turiri, iyayen kifin suna kwance birjik, hankaki suna yawo a tsakaninsu. Na-Sani ya dira ciki ya ɗaga wata babba mai ciki cike da ƙwai. Ta riga ta sandare.

Ya ce, "Kwamfutar ce, Yaya."

Yaya ya jingina da sandarsa. Bai ɗaga murya ba. "Abin da ka sa wa hannu ta bi. Ba ni makullin gonar."

Na-Sani ya ciro shi daga aljihu, hannunsa duk ƙarni, ya miƙa.

Ku ji, ku da aka ba amanar duba aikin wani. Wanda zai yi aiki da bayani ba ya ganin abin da ke cikin kanku, abin da aka rubuta kaɗai yake gani. Daɗin magana ba shi ne ingancinta ba. Sai ta faɗi abin da kaya yake yi, da inda ɓarnarsa take, da lokacin da ba a taɓa shi. Kuma kada ka ce abu ya yi sai ka gwada shi a inda ba rai a ciki. Wanda girman kai ya hana shi gwaji, a kan dukiyar ɗan'uwansa za a yi gwajin.