Mangwaron Bakin Rijiya

Akwai wani mutum, manomi, wanda ubansa ya rasu ya bar masa gida da gona da itacen mangwaro guda ɗaya a bakin rijiya. Uban nan, Baba Irmiya ake ce da shi. Tun yana saurayi ya yi aikin lambu wurin wani Bature ɗan mishan da ya zo daga ƙasar Denmark, can inda sanyi ke daskarar da ruwa. A wurinsa ya koyi auren itace: a yanko reshe daga itace mai daɗi, a tsaga kan ɗan itacen gida da aska, a cusa reshen a ciki, a ɗaure da rama, a shafe da kakin zuma, har su biyun su zama ɗaya. Da hannunsa ya aura mangwaron nan na bakin rijiya.

Ku da kuka tashi kuna sayen mangwaro a tire, ku yi haƙuri, ba ku san mangwaro ba. Wannan ba shi da zare ko kaɗan, ƙwallonsa siriri, ƙanshinsa kuwa tun daga bakin hanya yake tare mutum. Ran Lahadi in an tashi sujada, Baba Irmiya yakan zauna a gindinsa yana fere shi da aska, yana miƙa wa kowa yanka ɗaya yana ɗan rera waƙar da aka yi a majami'a. Ni kaina in na tuna irin waɗannan itatuwa da irin waɗannan tsofaffi, sai kewa ta kama ni.

Bayan rasuwar tsohon, wata rana sai ga wata Baturiya, jikar ɗan mishan ɗin, ta zo ganin inda kakanta ya zauna. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar itacen, aka ba ta mangwaro, ta sha har da hawaye. Cikin hira ta ce a ƙasarsu mutane suna son bin sawun kakanninsu, su ma a gidansu sun bi har sun kai ga wasu sarakuna na dā can, masu ratsa teku da dogayen jirage. Da dariya ta faɗa, har ta ƙara da cewa rabin maƙwabtanta ma in suka tona, wurin sarakunan nan za su ɓulla. Amma mutumin nan bai ji dariyar ba. Sarautar kawai ta shiga kunnensa ta zauna.

Sai ya tuna kakarsa ta taɓa cewa asalinsu daga wani tsohon birni ne a kan dutse, ya kuma tuna tsagar da ke fuskar kakansa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya rataya jaka, ya shiga bin garuruwa, yana raba wa tsofaffi da maroƙa goro yana tambayar asalinsa. To, jama'a, wanda ka cika wa hannu da goro ka tambaye shi ko kai jikan sarki ne, yaushe zai ce maka a'a? Kowane gari ya je sai a ƙara masa kaka ɗaya, a nuna masa gari na gaba.

Ana cikin haka gara ta kama itacen daga ciki. Yayarsa Rifkatu, wadda ta dawo gidan da zama bayan mijinta ya rasu, ita ce ta fara lura. Duk lokacin da ya leƙo gida sai ta ce masa itacen Baba yana mutuwa, a yanki rassa a aura tun yana da rai. Shi kuma sai ya nuna mata tukunyar da ya tara ƙwallayen mangwaron a ciki.

Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Abin da ke cikin uwa yana cikin ƙwallo. Ina asali zai je?"

Akwai kuma wani dattijo a maƙwabta, Habila, wanda ya shigo garin a shekarar yunwa, ba a san uwarsa ba, ba a san ubansa ba, Baba Irmiya ya riƙe shi har ya yi masa aure. Shi ma ya zo har zaure da askarsa, ya roƙa a bar shi ya yi aikin. Mutumin nan ya sallame shi da sannu, amma da Habila ya juya baya sai ya ce wa Rifkatu, wanda bai san sunan kakansa ba, shi ne zai koya masa maganar iri? Rifkatu ta ji zafin maganar nan ƙwarai, ta kuwa faɗa masa ta ji.

Mutumin nan ya sake fita, wannan karon ya daɗe. Ya dawo da sunayen kakanni a bakinsa a jere, har zuwa kan wani sarki mai doki da tambari. Yana shigowa da murnarsa ya tarar da sarari a bakin rijiya. Iskar farkon damina ta kayar da itacen, rassansa duk sun bushe, ba sauran wanda za a aura. Abin ya taɓa shi, amma ya daure. Ya ɗauko ƙwallayen da suka faɗo na ƙarshe, ya shuka su kewaye da kututturen.

Suka tsiro kuwa, suka yi kyau. Ya yi ta ba su ruwa shekara da shekaru, har furfura ta cika masa kai. Da suka yi 'ya'yan fari, ya tsinko wanda ya fi nuna, ya fere shi yadda ya ga ubansa na yi, ya miƙa wa Rifkatu, shi ma ya sa a baki. Zare ya cika masa haƙora, tsami ya kama masa harshe. Ya gwada na wani itacen, haka. Ya gwada na wani, ya fi ma tsami.

Rifkatu ta ajiye nata a hankali ta ce, "Wannan ba na Baba ba ne."

Ranar ce ya yi kukan da bai yi ba ran jana'izar ubansa. Sunayen sarakuna suna nan a kansa, ba wanda ya manta, amma ba ɗaya a cikinsu da zai dawo masa da ɗanɗanon hannun ubansa. Yana zaune a kan kututturen da la'asar, sai iska ta kaɗo wani ƙanshi ta kan danga. Ya san ƙanshin nan. Ya tashi ya bi shi, kunya na jan ƙafarsa, har cikin gidan Habila, gidan da rabonsa da shiga tun uban yana da rai.

Habila bai tuna masa da kome ba. Ya ba shi kujera, ya tsinko ɗaya, ya fere, ya miƙa masa. Shi ne. Ba zare, ba tsami, na bakin rijiya sak. Habila ya ce Baba ne ya yanko masa reshen da hannunsa, ya aura masa a kan wani ɗan tsiro da ya fito a juji.

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya Habila, za ka sam mini reshe?"

Habila ya ce, "Ai na gidanku ne, ɗebi yadda kake so. Sai dai ba zai kama ba sai ka yarda an sare kan naka."

Washegari da safe mutumin nan da kansa ya riƙe adda, ya sare kan itatuwan da ya yi shekaru yana ba su ruwa, Habila yana bi da aska da rama.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, bangaskiya ba ta bin jini. Ƙwallon nan shi ne asalinmu: sunan gida, da kabila, da kakannin da muke taƙama da su. Ba laifi ba ne mutum ya san inda ya fito, yana da kyau ma. Amma da yawanmu muna cewa kakana ne ya fara karɓar bishara a garin nan, ubana ne ya ɗauki duwatsun ginin majami'a a kansa, muna tsammani zaƙinsu ya gangaro mana haka kawai. Bai gangaro ba. Su ma da tsaminsu aka haife su, sai da aka haɗa su da Almasihu suka yi zaƙi. Reshen nan shi ne ran Almasihu, wanda Allah ke ba duk wanda ya roƙa, ko jikan sarki ne, ko wanda bai san ubansa ba. Saran kuwa shi ne tuba, yana da zafi, kuma ba mai yi maka shi a madadinka.

Tsofaffin da suka san Ubangiji suna nan a cikinmu tukuna, amma kuna gani kowace shekara kujerunsu na raguwa. Kada ku tafi neman kakannin da suka mutu tun tuni, ku bar na raye su faɗi ba ku karɓi kome daga hannunsu ba. Mutumin nan ya yi sa'a akwai Habila a bayan dangarsa. Kai ba ka sani ba ko akwai a bayan taka.