Kurege da 'Ya'yan Itace Masu Hula

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso kusa da wuta. Tabawa, ajiye gyaɗar nan, ba a jin tatsuniya da baki cike.

An yi wani Kurege a wata shekara ta fari. Itatuwa duk sun zubar da ganye, dawa ta koma kamar kan mai sanƙo. Yunwa ta kora shi har gangaren wani dutse mai nisa, inda raɓa ke kwana. Nan ya ga wani itace kore shar, ba irin namu na nan ba. Ganyensa kauri kamar jemammiyar fata, ba ya zuba rani da damina. Idan gatari ya sare shi, gatarin ne ke jin jiki. 'Ya'yansa kuwa tauri kamar tsakuwa, kowane ɗa da 'yar hularsa a ka.

Kurege ya gwagwiyi ɗaya har ya kai ga ƙwaya. Da ɗan ɗaci, amma tana riƙe ciki. Yana lasar baki sai ga Biri da Gafiya da Kura tafe neman inuwa, tsoho Kunkuru na biye da su.

Biri ya miƙa hannu zai tsinka. Kurege ya ce, "Kul. Biri, ka taɓa ganin tsamiya da hula?"

Biri ya ce, "A'a."

"Goruba fa?"

"A'a."

"Magarya fa?"

"A'a."

"To waɗannan mutane ne. Dattawa ne 'yan gida ɗaya, hayaniya ce ba sa so suka koma sama."

Biri ya janye hannu, ya durƙusa ya ce, "Barkanku da hutawa."

Ana nan sai ɗaya ya faɗo, ƙwal. Kurege ya ɗora hannu a ka, ya kama waƙa:

"Ya faɗo da hularsa,
Bai yi wa kowa sallama ba,
Kurege ɗauki, Kurege rufe."

Ya ce dattijon ya rasu, kuma shi kaɗai ya san al'adar binne su. Ya kai bayan dutse ya binne, ya dawo ya zauna karɓar gaisuwa. Gafiya ta kawo sauran gyaɗarta. Biri ya kawo busasshiyar tsamiya. Kura ba ta da komai, sai ta kawo kuka.

Kashegari goma suka faɗo. Rana ta uku Kurege ya hau wai duba marasa lafiya, ya girgiza reshe, ɗari suka zubo. Ya sauko ya ce, "Annoba ce." Yana binnewa yana waƙa, yana ƙiba, masu gaisuwa suna ramewa.

Kura kuwa tana ta lissafin gawa, miyau na zuba. Da rana tsaka, kowa na barci a inuwa, ta lallaɓa bayan dutse ta tono ɗaya, ta gartsa masa haƙori. Ƙas. Haƙora biyu suka bar gida. Ta zo wurin Kunkuru riƙe da baki ta ce, "Baba, wannan dattijon ƙashi ne zalla."

Kunkuru ya juya abin da ta tofar, ya ga ɓawo ya tsage, ya shinshina ƙwayar. Sai ya tara kowa.

Ya ce, "Kurege ɗana, abin kunya ya faru. An tone kabarin aminanka. Kura, ga hukuncinki: ki kwanta a wurin ki yi gadi. Duk wanda ya sa farce ya tona, naki ne."

Kura ta ce, "Ko da Kurege ne?"

Kunkuru ya ce, "Kurege da ya binne su da hannunsa?"

Kurege ya ce, "Ni? Haba Baba."

Kunkuru ya ce, "Kuma ka gaji. Waɗanda za su faɗo nan gaba, mu za mu yi musu wanka."

Wankan kuwa, Biri ke fasa su da dutse, a jiƙa a rafi kwana uku ɗacin ya fita, Gafiya ta daka, a tuƙa tuwo. Kurege ya ji ƙamshi ya matso da ƙoƙonsa. Kunkuru ya ce, "Kai da ka san su tun suna raye? Ba za mu ɗora maka wannan ba. Je ka huta."

Kurege ya zaga bayan dutse. Ya ce, "Yaya Kura, ziyara na zo." Kura ta ce, "Yi daga nan." Ya dawo ya ce, "Na binne wani ba hula, zan sa masa." Kura ta ce, "Ba rana a can ƙasa." Ya sake dawowa ya ce, "Yaya Kura, ba kya jin barci?" Kura ta yi hamma. Ya leƙa ya ga haƙoran da suka saura sun ishe shi, ya koma cin busasshiyar ciyawa.

Haka har ruwa ya sauka. Wata safiya Kura ta farka ta ga kowane kabari ya tsage, koren kai na leƙowa. Ta zabura tana ihu, "Sun tashi!" Ba a sake ganin ta a dutsen ba.

Kurege ya ruga ya tona nan, saiwa da ɓawo. Ya tona can, saiwa da ɓawo. Ya zauna ya yi kuka, wannan karon na gaske, ba wanda ya kawo masa ko gyaɗa ɗaya.

Kun ji, yara, wanda ya kulle rumbunsa da ƙarya, ƙaryar ce ke riƙe makulli.

Ƙurunƙus kan Kurege. Wanda ya riga barci, gobe shi zai share toka.