Mai Jefa Kaska Ta Kan Katanga

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Miga. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba.

Mutumin nan gadon kiwo ya yi. Yana da tumaki da awaki, da raƙumi ɗaya da yake kwaso wa mutane gero daga gona. Ya san dabba, wannan kam ba a ƙwace masa. Idan tunkiyar wani ta ƙi cin dusa, shi ake kira. Idan ana neman ragon barbara, gidansa ake zuwa. Wannan kira da ake yi masa ya fi masa tuwo daɗi.

Ana nan aka kawo wani malamin firamare, Malam Abdulrauf, ya kama gidan da ke jikin nasa, katangarsu ɗaya. Malam ya sayi 'yan tumaki da wani farin rago balami, ya yi musu rumfar kwano a jikin katangar. Yana ba su harawa a kan lokaci, yana share musu wuri. Kafin shekara ta zagayo, masu neman barbara suka fara wuce ƙofar mutuminmu suna yin sallama a ta Malam. Har sukan tsaya su gaishe da mutuminmu, suna janye da tunkiya.

Me Malam ya yi masa? Babu. Amma duk tunkiyar da ta wuce, sai ya ji kamar an zare masa wani abu a ƙirji.

Duk mai kiwo ya san yadda ake yi da kaska. Idan ka cire ta, ka jefa ta a garwashi ko a gwangwani mai kananzir. Domin wadda ta ƙoshi da jini, in ta faɗi ƙasa, ƙwai take zubawa dubbai. Mutuminmu ya fi kowa sanin haka, ubansa ya koya masa.

Wata rana da hantsi, Malam yana makaranta, mutuminmu ya durƙusar da raƙuminsa yana cire masa kaska a ƙirji da ƙarƙashin wutsiya, manya-manya kamar gurjiya. Da suka cika masa tafin hannu, ya dubi gwangwani, ya dubi katanga, sai ya watsa su ta sama.

Matarsa Zulaihatu tana shanya, ta gani. Ta ce, "Baban Radiyya, ga gwangwanin nan fa kusa da kai."

Ya ce, "Kananzir ɗin ya ƙare."

Ta leƙa, ta ga yana nan. Ta ce, "Ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ƙwaro ne fa. Mutum na kashe?"

Haka ya yi ta yi har damina ta raba. Kuma duk salla yana sahu ɗaya da Malam, kafaɗa da kafaɗa.

Sai tumakin Malam suka fara kwanciya. Zazzaɓi, idanu su yi fari fat, su daina ci. Farin ragon nan shi ya fara tafiya. Malam ya kira maƙwabcinsa, tunda shi ne masani. Ya zo ya dudduba, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Da ya fita kuwa, ya riƙa gaya wa mutane a bakin masallaci cewa ba kaska ba ce, ba kuma cuta ba ce, rashin iya kiwo ne kawai. Wai mai riƙe alli ina ya san dabba?

Malam ya ɗauko likitan dabbobi daga Dutse. Likita ya ce akwai wata cuta da takan kwanta a jinin dabba ba ta nuna kanta. Wataƙila ɗaya cikin tumakin ta zo da ita tun daga kasuwa, kuma da nan za ta tsaya, in ba a sami mai ɗaukarta ba. Kaska ce take shan jinin wannan ta kai wa wancan. Ya ce a fitar da waɗanda suka rage, a kwance rumfar, a babbake ƙasan.

Ran nan bayan la'asar, a gaban liman da jama'a, Malam ya riƙe hannun mutuminmu ya ce, "Maƙwabci, huɗu suka rage mini. Ba ni da wanda zan ba amanarsu na 'yan kwanaki sai kai. Kai ka san dabba."

Jama'a suka ce ai kuwa, duk garin nan wa ya kai shi?

To, ya 'yan uwa, me zai ce? Ya ce yana tsoron cuta, bayan shi da bakinsa ya ce babu ita? Ga kuma yabon nan da ya shekara yana jira an zuba masa a gaban kowa. Ya karɓa, yana cewa a ransa zai tsince musu kaska tas. Ya tsince manyan. Ƙananan da ba su kai ƙwayar riɗi ba suna can cikin kunnuwa, ido bai gan su ba.

Mako uku aka yi. Tunkiyar da ya fi so ta kwanta, sai 'yarta, sai ragonsa. Kullum wuƙa tana hannunsa, yana rige-rige da mutuwa don kada su zama mushe. Naman ma in an feɗe sai a gan shi rawaya, ba mai karɓa. Awakin suka bi. Raƙumin, da hankalinsa ya ɗauke daga kansa, kaska ta rufe shi har ya kasa tashi da kaya, mahauta suka tafi da shi. Turakun da ya gada suka zama itace kawai a tsakar gida.

Wata safiya Malam ya yi sallama, riƙe da gwangwani. Ya ajiye a gabansa. Busassun kaska ne a ciki, fal.

Ya ce, "A kan rufin rumfa na same su da muka kwance ta. Likita ya ce kaskar raƙumi ce, ni kuwa ba ni da raƙumi. Ya ce kuma wadda ta ƙoshi ƙasa take faɗawa, ba ta hawa kan kwano."

Mutuminmu ya kasa ɗaga kai.

Malam ya ce, "Haƙƙina na yafe maka, saboda maƙwabtaka. Na dabbobin nan da suka mutu suna nishi, nawa da naka, ban san yadda za ka yi da shi ba." Ya juya ya tafi, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ya 'yan uwa, kun sha jin cewa imanin mutum bai cika ba matuƙar maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba. Mutumin nan bai ɗauki makami ba, bai haura gidan kowa ba. Hassada ce ta raina masa zunubi har ya ce ƙwaro ne kawai. Mu fa, me muke jefawa ta kan katanga idan maƙwabci ba ya nan? Wani magana ce, wani ruwan kwata ne, wani mugun fata ne.

Har yau idan tunkiyar wani ta ƙi ci, akan je a kira mutuminmu, domin mutane ba su sani ba. Sai ya aiko a ce ba ya jin daɗi.

Ya Allah ka wanke zukatanmu daga hassada, ka tsare maƙwabtanmu daga hannayenmu. Allah ya kiyaye mu, amin.