Keken da Alhaji Jalo Ya Kora Lungu

Akwai wani Alhaji Jalo a Kwarbai, cikin birnin Zariya, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya a zamanin da motar Fijo ke tashe. Ba mugu ba ne, amma fa akwai jin kai. Ranar sunan jikarsa, a gaban baƙi, ya dubi ƙanin matarsa, Malam Inuwa mai ɗinkin hula, ya ce, "Kawar da wannan tarkacen keken naka daga ƙofar gida, masu motoci na tafe."

Inuwa ya tura kekensa lungu.

Bayan ritaya tumbi ya fito, hawan jini ya biyo baya. Likita ya ce lallai ya riƙa motsa jiki saboda zuciyarsa. Sai ya fara tattaki kullum da safe, daga gida zuwa Ƙofar Kuyambana ya dawo. Ba a daɗe ba gwiwoyi suka kumbura, har sujada ta fara gagararsa. Wannan kuwa ya tayar masa da hankali ƙwarai.

Da ya koma asibiti, likita ya ce, "Alhaji, duk takun da ka yi, nauyinka a kan gwiwa yake sauka. Ka koma keke. Zuciya za ta yi aikinta, sirdi ya ɗauke maka nauyi."

"Keke? Ni?" in ji Alhaji. "Gobe a ce Jalo ya karye, ya sayar da mota!"

A gida matarsa Hajiya Rahmatu ta ce, "Alhaji, gwiwar nan taka ce ko ta mutanen gari?" Ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya ci gaba da tattakinsa yana ɗingishi.

Wata safiya, a gindin ganuwa, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Alhaji ya zube a gefen hanya, ya yunƙura ya kasa tashi. Wa zai ɓullo? Inuwa, a kan keken nan dai.

"Subhanallahi! Yaya, hau mu je gida."

Haka Alhaji ya ɗare kariyar bayan keken, babbar riga na jan ƙasa, kunya kamar ta kashe shi.

To, kun san birni. Mai keke ba ya wuce dattawa yana bisa sirdi, sai ya sauka ya tura, ya gaishe su. Ga shi hanyarsu ta ƙofar zauren Malam Aƙilu ce, malamin da ya karantar da Inuwa tun yana ƙarami, kuma dattawan unguwa na zaune tare da shi. Alhaji ya ja hannun riga ya lulluɓe kansa, ya ce a hankali, "Inuwa, don girman Allah kar ka tsaya."

Inuwa ya runtse ido ya taka feda, ya wuce su fuu, ko sallama babu.

Kafin azahar zance ya zaga unguwa: Inuwa ya zubar da ladabi. Malam Aƙilu ya daina amsa gaisuwarsa. Shi kuwa bawan Allah ya haɗiye, bai faɗa wa kowa wanda ya ɗauko ba.

Rahmatu ce ta kawo wa Alhaji labari, idonta jawur. "Ana zagin ƙanina a gari saboda rufin asirinka, kai kuma kana kwance ana shafa maka man zafi."

Wallahi ranar Alhaji ko tuwo kasa ci ya yi.

Da kumburin ya sassauta, ya aika aka sayo masa keke. Ya hau da rana tsaka, yana tangaɗi irin na ɗan koyo, har ƙofar zauren Malam Aƙilu. Ya sauka, ya tura, ya gaishe da dattawa.

"Malam, wanda Inuwa ya ɗauko rannan ni ne. Ni na roƙe shi kar ya tsaya, don kar a gan ni a bayan keke."

Malam Aƙilu ya ce, "Ashe kai ne! Mu da muka ɗauka buhun gero ne." Aka kwashe da dariya, Alhaji ya sunkuyar da kai. Nan take Malam ya sa a kira masa Inuwa don ya sa masa albarka.

Alhaji ya riƙe hawan keke, zuciya ta samu aikinta, sujada ta dawo masa sannu a hankali. Ranar da Inuwa ya zo duba yayarsa, bisa sabo ya tura kekensa lungu. Alhaji ya miƙe da kansa ya je ya turo shi, ya jingine a ƙofar gida, gaban motarsa Fijo.

Darasi: Idan tattaki na cin ƙafarka, ka nemi motsa jikin da jikinka zai ɗauka, kada tsoron bakin mutane ya hana ka. Kuma kada ka raina mutum saboda abin hawansa, wata rana shi zai sha zagi don ya rufa maka asiri. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman iyayenmu masu fama da gwiwa.