Gaiwa da Kogin da Aka Tare

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta.

Kun dai san Gaiwa da haƙuri. Duk rani sai ta shige laka ta kwanta, har kogi ya cika ya tashe ta.

To, sai mutane suka gina madatsa can sama. Ruwan fadama ya riƙa ja baya, na bana bai kai na bara ba.

Zalɓe sarkin yawo ya sauka ya ce, "Iya Gaiwa, na ga katangar da idona. Kwashi 'ya'yanki ku bi ragowar ruwan nan ku gangara."

Ta ce, "Ɗan nan, kogi bai taɓa saɓa mini alkawari ba."

Ya ce, "Iya, ai yanzu ba shi ke da ikon kansa ba."

Ta ƙi. Ta tara 'ya'yanta suka shige laka.

Damina ta wuce, kogi bai hau ba. Wata ma haka. Laka ta bushe ƙamas, har manomi ya zo shuka gero a kansu. Gaiwa ta ji motsi sama, ta ɗauka ruwa ne.

Ta ce, "Yara, ku tashi, ya iso!"

Ba wanda ya amsa.

Ƙurunƙus, nan kan ɗan ɓera ya faɗi.