Lasisi Ɗaya, Shago Arba'in

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Ƙofar Wambai, sana'arsa saka wa teloli manhajar da ke zana aikin wuyan riga a kwamfuta, inji ya ɗinka.

Ya sayi lasisinta na halal, irin wanda ake biya sau ɗaya ya zama na mutum har abada. Sharaɗin kamfanin ɗaya ne tak: kwamfuta guda.

Bayan la'asar yakan kishingiɗa a shago, ya lumshe ido, yana jin ƙarar injinan maƙwabta kamar yayyafi a kan kwano. Sai ya ga kansa a saman bene, iska na kaɗa labule, Dala na can ƙasa da shi. A irin wannan lumshe idon Shaiɗan ya raɗa masa: wa zai sani?

Lambar lasisin nan guda ya bi shago arba'in yana sakawa, yana karɓar kuɗi. Yana ce wa kowa, "Wallahi taka ce kai kaɗai, har jikoki." Ku ji fa, har da wallahi!

Cikinsu akwai Hajiya Sa'adiyya ta Gwammaja, wadda mijinta ya rasu ya bar mata inji ɗaya da marayu. Ko takarda ba ta nema ba, rantsuwar ta ishe ta.

Saura kwana tara Sallah kamfanin ya gano, ya rufe lambar. Da hantsi mutumin ya ratsa lungu, shiru ko'ina, shaddodin mutane jibge, allura ta tsaya a tsakiyar fure. Yana tafe kamar mai mafarki, ƙafa ba ta jin ƙasa. Tasa kwamfutar ma, mai halal ɗin, ta rufe.

Hajiya ta same shi a shago, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, ni ban san kwamfuta ba. Allah na sani, kuma da Shi ka haɗa ni."

 Shagonsa ya mutu. Yau ko lokaci ya faɗa, sai an duba agogo.

Ya 'yan uwa, abin yana min ciwo. Haƙƙin kamfani haƙƙi ne, ko masu shi suna bayan teku. To ina ga haƙƙin marayu? Wanda ya sayar da sunan Allah, me ya rage masa na sayarwa?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya. Amin.